Ƙwaya, zobe ko allura: wane maganin kariya daga sida ya dace da ke?

A Damagaram, da an ce maganin sida, hankalin mutane yakan tafi kan wanda ya riga ya kamu. Mata da yawa ba su taɓa jin cewa akwai maganin da mai lafiya ke amfani da shi don kada ƙwayar cutar ta kama jikinta ba. Ma'aikatan lafiya suna ce masa PrEP. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk mai cikin babban haɗari tun 2015, lokacin ƙwayar haɗiya ce kaɗai. Yau hanyoyin sun kai huɗu: ƙwayar kullum, zoben da ake sawa a gaba, allurar wata biyu, da allurar wata shida. Ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba wahalarsu ɗaya ba, kuma ba kowace cibiya ke da su duka ba.

Wace mace ake nufi?

Nijar na cikin ƙasashen da cutar ba ta yi yawa ba. Binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 0.4 cikin 100 na manya, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun nan kuma yana wajen 0.2. Ke nan wannan ba maganin da za a bi gida-gida ana raba wa kowace mace ba ne, kamar gidan sauro. Sai dai lissafin ƙasa yana ɓoye wuraren da cutar ta taru. Tsakanin mata masu zaman kansu, adadin ya ninka na sauran jama'a sau da yawa, kuma su ne aka fi kai wa wannan bayani. Wadda labarin ba ya isa gare ta ita ce matar aure, domin ba ta taɓa ɗaukar kanta cikin masu haɗari ba.

Matar da aka tabbatar mijinta na da ƙwayar, bai fara magani ba, ko bai kai wata 6 da farawa ba, ko yana sha yana tsallakewa, ita ce ta farko a layi. Haka kishiyoyinta, tunda abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sai wadda mijinta ke daɗewa a waje, cin rani a Najeriya, Libiya ko Aljeriya, haƙar zinariya a Jado, ko tuƙin babbar mota a hanyar Agadas da Kano. Tafiya kaɗai ba hujja ba ce, kuma ba daidai ba ne a zargi kowane matafiyi. Abin dubawa shi ne idan abu uku sun haɗu: ya ƙi gwaji, ba ki da bakin cewa a sa kwaroron roba, kuma an yi miki maganin ciwon sanyi bayan dawowarsa. Akwai kuma bazawarar da ke da manemi fiye da ɗaya kuma ana kusantarta ba kariya, da wadda ta taɓa buƙatar maganin gaggawa na bayan kwanciya mai haɗari fiye da sau ɗaya. Macen da ta zo da kanta ta ce tana so, wannan ma dalili ne isasshe; galibi ta san abin da ba za ta iya faɗa a gaban ungozoma ba.

Akwai wadda ba ta buƙata ko da mijinta na da ƙwayar. Idan yana shan maganinsa kullum, aka auna yawan ƙwayar cutar a jininsa aka samu ƙasa da 200 a kowane mililita, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Sharaɗin shi ne ki ga takardar awon da idonki, kuma awon bai tsufa ba.

Ƙofar shiga ɗaya ce: gwaji

Duk hanyar da za ki zaɓa, sai an gwada jininki an ga babu ƙwayar, mafi kyau a ranar da za ki fara. Dalilin ba tsarin ofis ba ne. Mai ɗauke da ƙwayar yana buƙatar magani uku a haɗe. PrEP magani biyu ne ko ɗaya. Idan mai ƙwayar ta sha shi, ba zai danne cutar ba, sai dai ya koya mata yadda za ta bijire, ranar da aka zo yi mata maganin gaske a tarar wani sashensa ba ya ci.

Matsalar ita ce gwajin ɗigon jinin yatsa ba ya ganin sabon kamu nan take. Yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci har wata 3. Shi ya sa ake tambayar ko a cikin watan nan kin yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje a jiki ko kaluluwa a wuya da hammata. A nan garin kowane zazzaɓi sunansa na cizon sauro, to amma idan ya zo mako 2 zuwa 4 bayan kwanciyar da kike shakka, ki faɗa. Za a iya jinkirta farawa a sake gwaji.

Idan abin ya riga ya faru, wani magani ne daban

Nan ne aka fi rikicewa. Idan an yi fyaɗe, ko kwaroro ya fashe, ko kin gano halin mutum bayan an riga an kwanta, PrEP ba shi ne naki ba tukuna. Naki shi ne maganin gaggawa, wanda ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira TPE. Magani uku ne a ƙwaya ɗaya, ana sha kwana 28 a jere, kuma dole a fara cikin awa 72. Na daren da abin ya faru ya fi na kwana na uku aiki nesa ba kusa ba, don haka kada a tsaya jiran shawarar dangi ko wayewar Litinin. Sashen gaggawa na Babban Asibitin Damagaram ba ya rufewa. A lokaci guda ki tambayi maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da na ciwon sanyi. Idan kwana 28 sun cika, gwaji ya fito lafiya, kuma haɗarin bai gushe ba, ana wucewa kan PrEP washegari ba tare da an bar rata ba.

Ƙwayar kullum

Ita ce ta fi daɗewa, ta fi araha, kuma ita ce za ki fi saurin samu. A jikin kwalbar za ki ga TDF/FTC ko TDF/3TC: tenofobir miligiram 300, haɗe da emtirisitabin 200 ko lamibudin 300. Ƙwaya ɗaya a rana, da abinci ko babu.

Ga mace, kariya ba ta kankama sai an sha kwana 7 a jere, domin maganin yana jinkirin taruwa a naman gaban mace. In za ki daina, ki ci gaba kwana 7 bayan kwanciya ta ƙarshe. Wataƙila ki ji ana maganar shan biyu kafin kwanciya, ɗaya washegari, ɗaya jibi. Wannan tsarin maza ne, ba a amince da shi ga mata ba.

Kyawun ƙwaya shi ne tana bin yanayin rayuwa. Matar da mijinta ke dawowa da damina ya koma bayan girbi ba sai ta sha shekara cur ba: ta fara mako ɗaya kafin ya iso, ta ci gaba duk zamansa, ta ƙara mako ɗaya bayan tafiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya yi zuwan ba-zata, kwanakin farko babu kariya sai ta kwaroro. Kowace sabuwar farawa kuma da sabon gwajinta.

Rauninta ba a cikin maganin yake ba. Wadda ke sha yadda ya kamata tana rage haɗarinta da sama da kashi 90 cikin 100. Amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi kan matan Afirka, VOICE da FEM-PrEP, ba su nuna kariya ba, da aka auna jinin matan sai aka tarar mafi yawansu ba sa sha. Dalilan sanannu ne. Kwalbar tana kama da ta masu shan maganin cutar, ƙwayoyin na ƙara idan aka girgiza jaka, kuma a gidan da ake raba kwana, ɗaki ba shi da sirri: yara na buɗe kwalla, kishiya na aron turare. Wasu matan kan juye ƙwayoyin a leda su ƙulle a bakin zane. Wannan kuskure ne, domin zafi da gumi na lalata tenofobir. Ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu zafin Damagaram na wuce 40. Ki bar shi a kwalbarsa tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi, a ƙasan akwati ko kusa da randa, ba a saman kabad ƙarƙashin kwano ba. Auduga kaɗan a bakin kwalbar tana kashe ƙarar.

Kamar mace 1 cikin 10 takan ji tashin zuciya, ciwon kai ko ɓacin ciki a makonnin farko, sannan ya wuce. Shan ta bayan tuwon dare na rage wannan. Da azumi, a mayar da ita lokacin buɗa-baki ko sahur. In kin manta, ki sha da zarar kin tuna a ranar. Kada ki haɗa na kwana uku ki haɗiye.

Abu biyu ake dubawa a jiki. Na farko ƙoda: ba a ba wadda awon tacewar ƙodarta ya gaza 60. Yarinya mai ƙasa da shekara 30 da ba ta da ciwon suga ko hawan jini tana iya farawa ba tare da awon ba, amma mai shekara 50 ko mai ɗaya daga cikin cututtukan nan a auna ta. Kuma a rage shan dikulofenak da ibufurofen na masu talla a faranti, domin su ma ƙodar suke wahalarwa. Na biyu ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a Nijar. Ba ya hana shan PrEP, hasali ma tenofobir maganinsa ne. Hatsarin yana wajen dainawa farat ɗaya, lokacin da ciwon ke iya tasowa da ƙarfi. Mai wannan ciwo ba ta cikin masu sha su ajiye bisa zuwan miji da tafiyarsa. Sai da sanin likita.

Bayan farawa, gwaji a ƙarshen wata na farko, sannan kowane wata 3.

Zoben gaba

Zobe ne na roba mai laushi, kamar ƙaramin awarwaro, ɗauke da dapibirin miligiram 25. Mace ke sa wa kanta: a wanke hannu, a matse shi ya zama kamar lamba 8, a tsuguna ko a ɗora ƙafa ɗaya kan kujera, a tura da yatsa iya zurfin da zai shiga. In ya zauna daidai ba a jin sa. Yana fara aiki bayan awa 24, ana canza shi kowane kwana 28, kuma ba a cirewa don haila, wanka ko kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce shi ne mafi rauni cikin huɗun. Manyan gwaje-gwaje sun nuna ragin kusan kashi 30 cikin 100, bibiyar da aka yi daga baya ta nuna zai iya kaiwa rabi ga masu barin sa a jiki kullum. Kariyarsa a gaba kaɗai take, ba ta shafi wata hanya ba. Ba ya hana ciki. Mai yawan cusa maganin matsi ko wanke ciki da sabulu ta san cewa waɗannan na iya jawo ƙananan tsagewa da ke buɗe wa ƙwayar hanya, da zobe ko babu. Ya dace da wadda ƙodarta ta hana ta ƙwaya, ko ba ta da inda za ta ɓoye kwalba kuma babu allura a kusa.

Allurar wata biyu

Kabotegarabir, miligiram 600 a cikin mililita 3, ana yi a tsokar ɗuwawu. Ta farko yau, ta biyu bayan mako 4, daga nan kowane mako 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022, bayan wani gwaji kan matan ƙasashe bakwai na Afirka ya nuna sabon kamu ya ragu da kusan kashi 89 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shan ƙwayar kullum. Ba don ƙwayar ba ta aiki ba, sai don allura ba ta mantuwa. A ba ta kamar mako ɗaya kafin a dogara da ita. Wurin yakan yi ciwo kwana biyu ko uku, musamman allurar farko da ta biyu.

Ga macen da ta saba da allurar tazarar haihuwa, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma babu abin ajiyewa a ɗaki. Amma a kula, waccan wata 3 ce, wannan wata 2, ranakun ba za su riƙa haɗuwa ba. An yarda da sassaucin kwana 7 gaba ko baya. Idan jinkiri ya wuce wata guda, a sake gwaji a koma kan allura biyu na farko.

Babban abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne jelar maganin. Bayan allurar ƙarshe, ragowarsa na iya zama a jiki shekara guda ko fiye, kaɗan ne da ba zai kare ki ba, amma ya isa ya koya wa ƙwayar cutar bijirewa idan kika kamu a wannan tsakani. Abin ya fi muni domin kabotegarabir ɗan gida ɗaya ne da dolutegarabir, wanda shi ne ginshiƙin maganin da ake ba masu cutar yanzu. Saboda haka wadda ta daina allura alhali haɗarin na nan, dole ta koma kan ƙwaya cikin mako 8 daga allurar ƙarshe. Matar da ke shirin tafiya Aljeriya ko ƙaura zuwa ƙauyen da ke nesa da cibiyar da ke yin allurar ta yi wannan lissafi tun kafin a soka mata ta farko.

Allurar wata shida

Lenakapabir ita ce sabuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2025. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata 2,134 da aka yi wa, sakamakon da aka bayyana a 2024 bai nuna ko ɗaya da ta kamu ba. Ana yin allura biyu ƙarƙashin fatar ciki, kowace mililita 1.5, a sha ƙwaya biyu a ranar, biyu washegari. Waɗannan na washegari su ne ake mantawa, kuma su ne ke sa kariya ta kankama da wuri. Daga nan sai bayan mako 26, da sassaucin mako 2. In an wuce mako 28, a sake daga farko.

Tana barin ɗan ƙullutu ƙarƙashin fata, kamar ƙwayar gujiya, wanda kan yi watanni kafin ya baje. Ba ƙari ba ne, ba a matsawa, ba a tsaga, amma mai son sirri ta san hannu na iya jin sa. Ita ma tana da jela. Ƙasashen kudanci da gabashin Afirka ne suka fara karɓa, kuma an sanar da cewa samfurin mai rahusa, wajen dalar Amurka 40 a shekara, zai fara fitowa a 2027. Kada mai haɗari yau ta zauna jiran ta. A fara da abin da ke hannu, a canza daga baya.

Inda zaɓin ke rabuwa

Mai ciki ko mai shayarwa ta fi kowa buƙatar kulawa, ba ta fi kowa buƙatar dainawa ba. Bincike ya nuna haɗarin kamuwa a kowace kwanciya yana ninkawa kusan sau 3 a ƙarshen ciki, kusan sau 4 bayan haihuwa, kuma sabon kamu a wannan lokaci ya fi saurin wucewa ga jariri saboda ƙwayar na da yawa a jini da nono. Ƙwayar tenofobir ce aka fi sanin lafiyarta ga ciki, domin mata masu yawan gaske sun sha ta da ciki. Ranar awon ciki, inda dama ake gwajin sida, ita ce ranar da ta fi sauƙin tayar da maganar.

Mai shan maganin tarin fuka mai rifamfisin, wanda ke sa fitsari ja, ba a yi mata allurar wata biyu, domin yana cinye ta a jiki. Haka mai shan maganin farfaɗiya irin su fenobarbital, karbamazefin da fenitoyin. Waɗannan magunguna suna rage ƙarfin allurar wata shida ita ma, don haka a faɗe su tun kafin a fara. Ƙwaya ba ta da wannan matsala.

Mai haɗarin ɗan lokaci, ƙwaya ta fi mata, saboda ana shiga a fita cikin mako guda. Mai haɗarin kullum, kamar mace mai zaman kanta, ko wadda ta gwada ƙwaya sau biyu tana mantawa, allura ta fi, muddin kuɗin kabu-kabu ko na mota zuwa cibiya ba zai gagare ta a ranar ba. Wadda ke zuwa daga Tanut, Magarya ko Matamai ta tambaya ko za a ba ta ƙwayar wata 3 a lokaci guda. Wadda ke tsoron duka idan aka ga kwalba ta faɗi haka ƙarara ga ma'aikaciyar lafiya, domin wannan kaɗai ya isa ya canza shawarar da za a ba ta.

Babu ɗaya cikin huɗun da ke hana ciki, kuma babu wanda ke ɓata aikin ƙwaya, allura ko na dantse na tazarar haihuwa. Ana haɗa su. Babu kuma mai tare ciwon sanyi ko tunjere. Nan Foula da sauran kwaroron roba ba su da magaji, ga su a kanti ba sai da takarda ba, illa dai suna buƙatar yardar namiji, abin da sauran ba sa buƙata.

Kada ki ari maganin miji ko na ƙawa ki ce kina kariya. Nasa zai yanke kafin ranar karɓa, ke kuma kin sha ba gwaji. Ki je wurin da ake gwajin sida ko awon ciki, ki nemi keɓewa da ungozoma ko majo, ki ce: “Gwaji nake so, kuma ina tambayar maganin da ake sha kafin a kamu.” In babu shi a wannan cibiya, ki nemi a rubuta miki inda za a tura ki. Ki tafi da kwalayen duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya, kuma ki riƙe ranar kwanciya ta ƙarshe da kike shakka a kanta, domin da ita za a san ko PrEP za a fara miki ko TPE.